Doki Biyar da Wurin Baƙo

Birnin Konni, ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko da kana da rai ma ba kai za ka karanta ta ba. Ni za ka miƙo wa, in karanta maka abin da na rubuta da hannuna, kana gyaɗa kai kamar labarin wani ne. To yau ma haka za mu yi. Ni zan rubuta, ni zan karanta, kai kuma ka saurara in ana saurare a inda kake.

Mutanen gida lafiya lau. Inna ta fita takaba tun kafin a yanke gero. Ba ta sake hura wutar banda ba, kaji ne suka mai da tandar kifinta wurin saka ƙwai, ita kuma ta ce gara su, aƙalla ba sa sa ta tari. Geron bara bai yi laifi ba, wake ne ya ba mu kunya. Matar Sanusi ta sauka, namiji, an mayar da sunanka. Ba mai iya kiran sunan a gidan, Abba ake ce masa. Yana da kunnuwanka, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukar su. Kawu Illiya, abokin jirginka na shekara ashirin, yana nan da ransa. Tun ranar da aka sauko da shi daga reshen gawo bai sake cin kifi ba. Ya ce haƙora ne ke damunsa. Ka taɓa jin mutumin da tarwaɗa ta gagari haƙoransa?

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Sanusi ya bar dakon siminti a Malbaza. Bayansa ya ƙi, ga jariri, ga Inna. Ya dawo gida ya ce zai shiga jirginka ranar asabar, Kawu zai raka shi har ya saba. Na yi masa magana iri-iri, ya saurare ni da ladabi irin na ƙanen da ya riga ya yanke shawara. Abu ɗaya ya tambaye ni: injin nan da aka gyara, ya isa ko bai isa ba? Ni ya tambaya, Baba. Duk gidan babu wanda ya ga abin mamaki a cikin haka. Ni ce mai takardar jami'a, ni ke aiki a buron ruwa, wato ofishin hukumar ruwa, ni ake kira Injiniya. Ba su san abin da zan faɗa maka yanzu ba.

Ka tuna ranar da na zo da abin awo da littafi? Ka ce filafili ya fara gajiyar da kafaɗarka, na ce zan saya maka inji. Na bayyana maka cewa ƙarfin inji da dawaki ake lissafa shi. Ka yi dariya har ka ƙware da goro. Ka ce nasara ba ya rasa abin faɗa, wane irin doki ne zai shiga akwatin da bai kai akurkin kaza ba? Amma da na gama aune-aunena, jirgi mita bakwai, katako mai kauri, raga jiƙaƙƙiya, kifi cike da kwando, mutum biyu, sai ka daina dariya. Ka ce in lissafa mutum uku. Ka ce ka riga ka tambayi masuntan da suka yi aiki a Yawuri, doki takwas kake so.

Na san wanda kake nufi da na ukun. Duk wanda ya tashi a bakin tabkinmu ya sani. Katakon tsakiya ba a zama a kai, ba a ɗora kifi, ba a miƙe ƙafa a kai. Wurin baƙo ne. Idan jirgi ya kai matattun gawon nan, inda kakanni suka ce akwai tsohuwar rijiya kafin ruwa ya cinye gonaki, mai tuƙi yakan sassauta ya ce bisimilla a hankali, kamar yadda ake ce wa wanda ya iske mutane suna cin tuwo. Liman ya sha yi muku wa'azi a kai. Kai kuma kullum amsarka ɗaya, ba bauta ba ce, ladabi ne. Ina ƙarama ina tsoron katakon nan. Da na je Yamai na dawo sai na koma jin kunyarsa.

Na lissafa mutum biyu. Lissafi ya ba ni doki huɗu da ƴan kai, na ƙara na cika biyar, har ina ganin na yi kyauta. Na ce a raina, ko da akwai mutum na uku, wane irin baƙo ne wannan da zai ci doki uku shi kaɗai? Kuma ina da hujja ta littafi, inji mai nauyi yana danne bayan jirgi, yana shan esansi, yana girgiza allon baya har ƙusa ta saki. Duk gaskiya ne. Na iya jera gaskiya idan ina so in yi abin da na ga dama.

Na ce maka babu mai doki takwas a kasuwar Konni. Akwai, Baba. Guda biyu ne a shagon, suna jingine da bango, mai shagon har ya buɗe mini ɗaya. Ba kuɗi ne suka gaza ba. Na ƙi ne in sayi doki uku saboda katakon da ba kowa a kai. Na ga kamar in na saya, shekaruna biyar na jami'a sun tafi a banza.

Ba ka iya karatun boko ba, amma ka san lamba. Da na sauke injin daga motar Konni, ka shafa biyar ɗin da ke jikin murfin da babban yatsa, ka daɗe kana shafawa. Sannan ka ce Allah shi yi albarka. Sai bayan rasuwarka Inna ta gaya mini abin da ka ce mata da yamma, wai Uwani ba ta manta da baƙo ba, gayyatarsa ce ba ta yi ba. Ka san na yi ƙarya ke nan? Me ya hana ka faɗa mini? Ko ka ga ɗiyar da ta sayo maka inji a gaban mutanen gari ba a kunyata ta?

Wata bakwai injin yana aiki lafiya. Na riƙa tambayarka a waya, kana cewa yana ƙoƙari. Ban lura da kalmar ba. Jaki ake ce wa yana ƙoƙari, idan an yi masa lodin raƙumi.

Abin da ya faru ranar ka fi ni sani, amma bari in faɗa maka yadda ya iso gare mu. Hadarin farko na damina, bayan la'asar. Iska ta taso daga gabas kafin ɗigon ruwa ya sauka, kuna can ƙetaren gawo da raga cike. Kawu ya ba mu labari cewa ka murɗe hannun injin har ƙarshe, yana ta kuka, jirgi kuwa ya ƙi miƙe goshinsa ga iska. Ya juya ya ba ta gefe. Igiyar ruwa ta farko ta shigo, Kawu ya kwalfe. Ta biyu ta kife ku. Shi ya kama reshe. Kai da ba a taɓa yin mai iyo kamarka a garin ba, sai da safe aka same ka. Jandarma sun rubuta cewa raga ce ta harɗe maka ƙafa. Kawu yana wurin da aka tsamo ka, ya ce bai ga raga ba. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba.

Bayan sadakar arba'in na koma buro na ɗauko littafin nan na awo. Na sake lissafin, wannan karon da iska a ciki. Biyar ba ta isa ba. Takwas ta isa, har da ɗan saura. Sai na tuna darasin da aka yi mana tun shekarar farko, wanda na ci jarrabawarsa da maki mai kyau: duk abin da za ka gina ko za ka ɗora wa kaya, ka bar masa rara saboda ranar da ba ka zata ba. Na zauna ina kallon takardar. Ashe baƙonku ke nan. Kakanninmu ba su da alƙalami, sai suka ba rarar katakon zama da gaisuwa, don kada wani mai wayo ya zo ya cire ta. Mai wayon kuwa ta zo, daga gidanka ta fito.

Wannan bayani ya yi mini ciwo, amma ya yi mini daɗin riƙewa. Babu aljani a ciki, babu rijiya. Iska ce da nauyi da ɗiya mai girman kai. Wata goma ina ɗauke da shi, ina tashi da shi ina kwana da shi, kuma na iya. Mutum yana iya zama da laifin da ya san girmansa.

Da Sanusi ya yi mini tambayarsa, amsar tana bakina: a sayar da biyar, a sayi takwas. Amma na ce bari wannan karon in gani da idona, kada in sake auna jirgi a kan tudu. Ranar lahadi na je gida. Jirgin ya yi bazara guda a kife yana shan rana, an sake masa kwalta, ya bushe ƙarau. Na ɗaura masa abin awo biyu, dama da hagu, irin waɗanda muke duba ruwan baraji, wato madatsa, da su. Na roƙi Kawu ya tuƙa ni. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya tafi ya ɗauko hularsa.

Tsakar rana ce, Baba. Ina so ka san haka. Rana a tsaye, babu gajimare ko ɗaya, babu iskar da za ta motsa gashin kaza. Ruwan ya kwanta kamar man gyaɗa a faranti. Ana jin muryar mata masu wanki daga gaɓa, ana jin wani rediyo. Na zauna a gaba da littafina. Kawu ya zauna a baya, amma ta dama. Gefen hagu, inda kake zama, ya bar shi. Ban tambaye shi ba.

Kafin mu kai gawo na sa ya kashe inji, muka jira ruwa ya natsu, na rubuta lamba. Jirgin nan na san lissafinsa kamar fatiha: duk kilo sittin da aka ɗora masa yana nutsewa santimita ɗaya. Ya tayar, muka shiga tsakanin itatuwan. Ya sassauta. Na ga leɓensa ya motsa. Ban ji komai ba, ban ga komai ba, sai dai kukan injin ya sauya, ya yi ƙasa, kamar na kamiyon siminti idan ya fara hawan tudu. Na ce ya kashe. Muka jira. Na duba dama, na duba hagu. Santimita uku.

Kada ka ɗauka na tsorata. Na fara jero dalilai, ka san halina. Ko ciyawa ce ta kama ƙasan jirgi. Ko ruwan wurin ya fi ɗumi. Ko akwai ɓula. Na duƙa na shafa ƙasan jirgin da tafin hannu, a bushe yake, har da ƙurar kwalta. Na zura filafili ƙarƙashi, babu ciyawa. Na kalli katakon tsakiya. Katako ne kawai, rana na dukansa, da tururuwa ɗaya tana tafiya a kai. Ta kai tsakiya ta tsaya, ta kewaya, ta bi ta gefe. Wannan ma na rubuta, ban san dalili ba. Kawu kuwa ko a jikinsa. Ya ce mini haka yake kullum, shekara ashirin, ni ce dai ban taɓa shiga ba.

Da nan abin ya tsaya da ban rubuto maka ba. Da na sayi takwas na yi shiru, na bar wa kowa bayaninsa.

Na ce mu ƙarasa ƙetare. Ban ce masa ya kai ni inda kuka kife ba, amma babu wata hanya sai ta nan. Muna cikin tafiya injin ya sake yin ƙasa. Kaɗan ne wannan karon. Jirgin ya ɗan karkata, baya, ta hagu, a hankali, irin karkatar da yake yi idan wanda ya saba da shi ya shiga ba tare da ya girgiza kowa ba. Ban ce a kashe inji ba, Kawu ne ya kashe da kansa. Na ga ya janye gwiwarsa ya matsa, yadda ake matsa wa mutum a motar kasuwa. Bai kalli gefen ba. Ni yake kallo, ya ce wannan bai san shi ba. Wannan sabo ne.

Na duba awon dama da na hagu, na raba. Santimita ɗaya, saura ƙiris.

Ni na kai ka likita a watan azumin da ya gabaci rasuwarka. Ni na tsaya kusa da sikeli, na karanta maka lambar, ka ce ashe buhun gero ya fi ka daraja. Kilo hamsin da takwas.

Na san inda aka binne ka. Sanusi ya nuna mini daga bakin maƙabarta. Na san abin da addini ya ce game da wanda ya tafi, kuma ban yi jayayya ba. Ban ce na gan ka ba. Ban ji ƙamshinka ba, ban ji muryarka ba, babu abin da ya taɓa ni. Lamba kawai na karanta a jikin abin awo, abin da aka koya mini ke nan, kuma shi kaɗai na taɓa yarda da shi. Yanzu in ce ban yarda da shi ba?

Muka juyo gida. Da muka wuce gawo injin ya saki murya, jirgi ya taso santimita uku. Baƙo ya sauka a inda ya saba. Santimita ɗayar nan ta baya ba ta taso ba. Muka iso gaɓa da ita, muka fita, muka ɗaure jirgi. Na tsaya a kan yashi ina kallonsa, ba kowa ciki, yana karkace ta hagu. Litinin da safe kafin in hau motar Konni na sake zuwa, yana nan yadda yake. Sanusi ya ce katako ne ya sha ruwa ta gefe ɗaya. Na ce haka ne. Ka ga na sake yi wa wani ƙarya a kan jirgin nan.

Me kake jira a ciki, Baba? Gida na nan, taku ɗari biyu. Ba ka je ka ga Inna ba, ba ka je ka ga mai sunanka ba. Ka zauna kusa da hannun inji. Kai ne ka hana Sanusi ruwa tun yana yaro, ka ce ɗaya ya isa a gida, ka tura shi lakwal karatun boko, da lakwal ta ƙi ka tura shi Malbaza. Iyonsa iyon kare ne, ka sani. Koya masa za ka yi? Ko kewa ce ta ishe ka? Ban san yadda zuciyar mutum take komawa ba bayan ta kwana a ƙarƙashin ruwa. Da ina da tabbacin kai ne kamar yadda na san ka, da na yi barci.

Ga abin da na yi. Na sake lissafi, mutum huɗu. Na yi tunanin doki goma sha biyar, na fasa. Ya yi wa jirgin nauyi, zai danne baya, kuma bayan jirgin ya riga ya yi ƙasa. Na sayi mai goma. A jikinsa an rubuta tara da ɗigo tara, masu ƙera shi ma ba sa son cika magana. Kafinta ya ƙara katako a allon baya, ya ɗaure da ƙarfe. Na sayo rigar ruwa guda biyu. Sanusi ya ce masunta za su yi masa dariya, na ce su yi, Inna ta sa baki, ya karɓa. Mai shagon ya tambaye ni mutum nawa ne a jirgin, na ce huɗu, ya ce goma ta yi musu daidai. Bai tambayi sunayensu ba.

Takwas ɗin da ka nema tana ciki, ta Kawu da Sanusi da baƙo. Biyun da ke sama naka ne. Ban taɓa ba ka abin da ka roƙa a lokacinsa ba, ga wanda ba ka roƙa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar. Damina ta matso, jiya an ga walƙiya ta wajen Dogarawa. Na yi lissafin iska irin ta bara, goma ta isa. Iskar da ta fi ta bara ban san ta ba, kuma na daina rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Baƙo ba ni da fuskar da zan roƙe shi komai. Kai nake roƙo. Idan hadari ya taso suna ƙetare, ka ji injin yana kuka, goshin jirgi ya fara ba iska gefe, ka sauka, Baba. Kilo hamsin da takwas ba kaɗan ba ne a irin wannan lokaci. Ka sauka ka bar Sanusi ya iso gida. Na san abin da nake roƙo. Ni na sa ka a ruwan nan karo na farko, ga ni ina cewa ka sake shiga. In akwai fushi, nawa ne, ka ajiye mini shi, zan zo in karɓa. Yaron bai auna komai ba.

Ranar asabar zan tsaya a gaɓa har su dawo. Ba zan zo da littafi ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya gafarta mini. Ka huta lafiya, in hutawa kake.

Ɗiyarka,
wadda kake kira Uwani